Guraben da Mendeleev Ya Bari

A shekarar 1869, sa'ad da masanin nan na ƙasar Rasha, Dmitri Mendeleev, ya jera sinadarai 63 bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, ya ga ɗabi'unsu suna komowa kamar yadda kwanakin mako suke zagayowa, sai ya bar waɗansu gurabe babu kome, yana da'awar cewa ma'abotansu suna nan cikin halitta, ido ne kurum bai riske su ba. Da wani Bafaranshe ya gano ɗayansu, galiyom, a 1875, awonsa ya saɓa wa hasashen da Mendeleev ya yi a kansa, sai Mendeleev ya ce a sake awo, aka sake, maganarsa ta tabbata.

Shin wannan sanin gaibu ne? A ganina, a'a, domin malaman tauhidi sun rarrabe tsakanin gaibun da Allah Maɗaukaki ya keɓanta da saninsa, da abin da hankali yake cim masa ta hanyar istidlali, kamar mai bin sawu da yake hukunta cewa raƙumi ya wuce alhali bai gan shi ba. Sawu kuwa yakan ɓace: daga baya Mendeleev ya zaci akwai sinadaran da haidirojin ya fi su nauyi, ba a same su ba.