Gwaji a Gonar Maƙwabci

A bakin Bahaushe, gwaji kalma ce mara nauyi. Tela yakan gwada wa mutum riga kafin ya kammala ɗinki, manomi yakan gwada sabon iri a gefen gona kafin ya cika ta da shi. In abin bai yi ba sai a warware, kuma asarar tana kan wanda ya gwada. Amma da aka ce gwajin makaman ƙare dangi, an ari kalmar ne an yafa wa abin da ba ya warwaruwa, wanda asararsa ke faɗawa kan wasu. Shin ya halatta mutum ya jarraba haɗari a inda wani ne zai shaƙi ƙurarsa? Idan kuma waɗanda suka gama nasu gwajin ne suka zo da dokar hani, don me mu da ba mu da makamin za mu mara musu baya?

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko kusa da Reggane, a hamadar Aljeriya. Ta sa masa suna Gerboise Bleue, sunan wani ɗan ɓeran hamada mai tsalle, alhali ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau 4. An tayar da guda 4 a sarari a Reggane tsakanin 1960 da 1961, sannan wasu 13 a cikin dutse a In Ekker, arewa da Tamanrasset, garin da ƴan ci-raninmu suka sani sarai, har zuwa 1966. Ranar 1 ga Mayun 1962 dutsen ya kasa riƙe abin da aka binne masa, hayaƙi mai guba ya ɓalle ya rufe sojoji da ma'aikata, har da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Wata taswirar sojan Faransa da aka bayyana a 2014 ta nuna cewa cikin kwana 13 burbushin bom ɗin farko ya bazu a kan Afirka ta Yamma har bakin teku. Wanda ya san hunturu ba zai yi mamaki ba: hazon da ke lulluɓe tafkin Madarunfa a watan Fabrairu daga can arewa yake tasowa.

Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce hamada ba kowa a cikinta. To amma akwai manoman dabino a zangunan Tuwat, akwai Buzaye makiyaya, akwai ayari da rijiyoyinsu. Wanda ya ce wuri ba kowa, sau da yawa nufinsa ba wanda ya isa a nemi izininsa. Haka aka yi a tsibiran Marshall da Amurka ta zaɓa, da Semipalatinsk ta Kazakistan inda Tarayyar Sobiyet ta yi gwaji 456, da Moruroa inda Faransa ta koma a 1966. Kowace ƙasa ta nemo wuri mai nisa da fadarta, kusa da masu ƙaramar murya.

Ƙauyawanmu sun daɗe da yanke wannan shari'a. Manomin da ya cinna wa gonarsa wuta lokacin sharar gona, iska ta kwashe ta ta cinye rumbun maƙwabci, ba zai tsaya gaban mai gari ya ce ai a gonata na kunna ba. Ya san da iska kafin ya ƙyasta ashana. Ikon mutum a kan abinsa yana ƙarewa daidai inda cutar da wani ta fara. Mai gwajin nukiliya ma ya san da iska, shi ya sa yake jiran ta juya wa mutanensa baya. Wannan jira kaɗai ya isa shaida a kansa.

Afirka ba ta yi shiru ba. A Disamban 1959 wani ayarin masu zanga-zangar lumana, Afirkawa da Turawa da baƙaƙen Amurka, ya tashi daga Accra da nufin isa Reggane, hukumomin Faransa suka tare shi a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Gana. A Janairun 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Najeriya. Nijar kuwa, ranar da bom ɗin farko ya tashi ba ta da bakin magana, domin tsaronta da hulɗarta da waje suna hannun Paris har zuwa 3 ga Agustan 1960.

Irin waɗannan koke-koke daga sassan duniya ne suka taru suka zama doka. A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Ingila suka amince su daina gwaji a sarari da cikin ruwa da sararin samaniya. Faransa da Sin ba su shiga ba. A 1996 aka samu yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makaman nukiliya a nahiyar Afirka, ta fara aiki a 2009. Ranar 24 ga Satumban 1996 aka buɗe yarjejeniyar hana kowane irin gwaji, Nijar ta tabbatar da ita a 2002. Sai dai sharaɗin fara aikinta shi ne wasu ƙasashe 44 da aka lissafa su tabbatar da ita duka. Majalisar dattawan Amurka ta ƙi a 1999, Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa ba su sa hannu ba, Rasha ta janye tabbacinta a 2023, kuma a Oktoban 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya yi maganar komawa gwaji.

A nan mai suka zai ce wannan doka ta munafunci ce. Faransa ta yi gwaji 210, na ƙarshe a Janairun 1996, ta tara ilimin da take buƙata, sannan ta sa hannu, tana ci gaba da inganta makamanta da kwamfuta. Ashe ba wanda ya ƙoshi ne yake hana wasu cin abinci ba? Sukar tana da gaskiya a cikinta, kuma bai kamata mu ɓoye ta ga ɗalibanmu ba. Hana gwaji bai rage ko makami ɗaya daga rumbun manya ba.

Duk da haka, niyyar mai kawo doka daban, amfanin dokar daban. Idan wanda ya daɗe yana zuba guba a rijiya ya zo yana cewa a hana zubawa, masu shan ruwan ba za su ce a'a, bari kowa ya zuba nasa tukuna don a yi adalci ba. Daga 1945 zuwa 1996 an yi gwaji fiye da 2,000. Bayan 1996 ƙasashe 3 ne kawai suka yi: Indiya da Pakistan a 1998, sai Koriya ta Arewa sau 6 tsakanin 2006 da 2017. Yarjejeniyar da ba ta fara aiki ba ta mai da abin da ake alfahari da shi jiya abin kunya. Bahaushe kuwa ya san aikin kunya inda bulala ba ta kai ba.

Kunya tana buƙatar shaida, kuma nan ne ƙaramar ƙasa take da rabonta. An shimfiɗa tashoshi sama da 300 a duniya masu sauraren motsin ƙasa da teku da iska. Ɗaya daga manyan tashoshin auna girgizar ƙasa an kafa ta ne a Torodi, cikin jihar Tillaberi. Babu ɗaya cikin gwaje-gwajen Koriya ta Arewa da ya kuɓuce wa wannan tsari. Ƙasar da aka watsa wa ƙura ba tare da an tambaye ta ba ta zama ɗaya daga kunnuwan duniya.

Sai dai mai shaida a kan wani dole ya yarda a auna shi da mudu ɗaya. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. An rufe mahaƙar COMINAK a 2021, tulin ɓaraguzanta yana nan kusa da gari, kuma a 2025 gwamnati ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa. Daga yanzu tambayar da muka yi wa Faransa game da Reggane tana kanmu game da makiyayan Ayar da rijiyoyinsu: wa aka tambaya, wa zai shaƙa, wa zai biya?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 29 ga Agusta don tunawa da wannan gwagwarmaya. Ranar tana faɗowa cikin hutun damina, amma 13 ga Fabrairu tana tarar da mu a aji, hazo na shigowa ta taga. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su riƙe ta, a kafa taswira, a nuna wa yara Reggane da Torodi da Arlit, a bar su su yi muhawara da Hausa a kan haƙƙin wanda iska ke kaɗawa wajensa.