Ɗana Soja, Su Wa Ke Kan Katin Asibitinka?

Ka san lambar aikinka kamar sunanka, ka san ranar da albashi ke shiga, amma in aka tambaye ka wa da wa a gidanka aka yi wa rajistar asibiti, sai ka hau kame-kame. Wannan sakaci ne, kuma a kan iyalinka yake ƙarewa.

A 2005 aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, a 2022 aka yi sabuwar doka, hukumar da ke kula da shirin ta koma NHIA. Ku sojoji, na ƙasa da na ruwa da na sama, kuna da naku kamfanin da ke riƙe da wannan harka, wato DHML. Ƙa'idar rajista kuwa ita ce: kai, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinka waɗanda ba su kai shekara 18 ba.

Sake karanta wannan, don nan ne gidan Bahaushe ke tuntuɓe. Ka yi wa uwargida rajista, amarya fa? Ɗa na biyar fa? Ɗan ƙaninka da kake riƙo, da tsohuwarka da hawan jini ke damu a ƙauye? Kakinka ba ya rufe su. A ganina wanda ya tsara wannan ƙa'ida bai leƙa gidajenmu ba, amma kafin a gyara, dabara ta rage gare ka. Ka tambaya a ofis yadda ake ƙara mutum da ƙarin kuɗi, ko ka sa su a shirin jiha, irin KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. Adalcin da aka umarce ka da shi tsakanin matanka bai tsaya kan tuwo da atamfa ba. Ɗaya ta ga likita da kati, ɗaya ta sayar da akuyarta, wannan ma abin tambaya ne gobe.

In an yi maka haihuwa, kafin ka gama da ragon suna ka karɓi takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ka kai a shigar da jaririn. Ka duba rubutun sunaye. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da mara lafiya a bakin taga. In aka ɗauke ka daga Kaduna zuwa Maiduguri, ka tabbata asibitin da aka zaɓa wa iyali yana kusa da inda suke zaune. Ka kuma koya wa matarka hanya: daga ƙaramin asibiti ake farawa, shi zai tura ta babban asibiti irin na 44 da ke Kaduna, da takarda da lambar izini. Kana fagen daga, waya ba ta shiga, ita za ta tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ritaya ma ba ta yanke wannan haƙƙi, tsoffin sojoji masu karɓar fansho suna ciki. Sai dai kada ka ajiye kaki ka ɗauka tsohon katinka zai ci gaba da aiki haka nan. Ka je da takardun sallama da na fansho a sabunta maka rajista a matsayin ɗan fansho, tun ƙafarka na iya hawa bene.

Wannan hutun da za ka zo gida, ka ce wa matarka ta ɗauko katunan, ku zauna ku duba su ɗaya bayan ɗaya.