Birkin Baya da Iyakar Ƙaddara

Da zarar damina ta kankama a kudancin Jigawa, babban titin da ya taso daga Kano ta Wudil zuwa Birnin Kudu yana nan daram, amma hanyoyin da suka ɓalle cikin ƙauyukan Gwaram, wajen Basirka da Farin Dutse, sai mota mai jan ƙafa huɗu. Shi ya sa tsofaffin Land Cruiser da Hilux ba sa yin kwantai a nan. Yawancinsu sun zo da birkin ganga a baya, wanda laka da ruwa ke shiga su kwanta a ciki. Wani mai mota sai ya ce a cire, a ɗora masa na faifai, wanda makanikai ke kira dis, sau da yawa daga kayan Beljiyam na Ƙofar Ruwa a Kano.

Shawarar ba ta wauta ba ce. Faifai a fili yake, yana shan iska, yana zubar da ruwa da sauri. Da irinsa Jaguar ta ci tseren Le Mans a Faransa a 1953, kuma su kansu kamfanonin motocin daji sun koma gare shi a wasu motocinsu daga baya. Sai dai kamfani idan ya sauya, yakan sauya tsarin gaba ɗaya. Garejin bakin hanya kuwa sau da yawa ƙafafun baya kawai yake taɓawa.

Daga nan matsaloli ke biyo baya, kowace da dalilinta. A mastan wasu tsofaffin motoci, wato babbar silindar da ke tura man birki, akwai ɗan bawul da ke riƙe ragowar matsin mai, kimanin psi 10, saboda birkin ganga yana buƙatarsa. Idan an bar shi, faifan zai riƙa gogar fad ko ba a taka ba, ƙafa ta yi zafi har ta yi wari. Kalifa, wato abin da ke matse faifan, tana shan mai fiye da ƙaramar silindar ganga, don haka tsohon masta na iya kasawa, feda ya nutse kusan har ƙasa. In aka ɗaura kalifar dama a hagu, kusar fitar da iska ta koma ƙasa, to ko kwana aka yi ana "taka, riƙe, saki", iskar tana nan sama ba za ta fita ba. Mafi haɗari shi ne rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya. Toyota ta sa bawul mai auna nauyin kaya a motoci irin Hilux don kada ƙafafun baya su kulle idan bayan motar babu komai. Aka cire shi, ko aka bar shi a saitin ganga, sai motar da ta sauke buhunan riɗi ta juya da direbanta a kan jiƙaƙƙen titi. Birkin hannu ma wani lokaci a wurin aikin yake salwanta, a koma sa dutse a ƙarƙashin taya.

To idan hakan ta faru, aka rasa rai ko dukiya, me za a ce? Abin da ake ji a zauren gaisuwa sananne ne: ƙaddara ce, kwana ya ƙare. Gaskiya ne, kuma babu Musulmin da zai yi musu. Tambayar ita ce ko wannan magana ta wanke wanda ya ɗaura birkin.

Malaman tauhidi da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa sun daɗe da share wannan fage. Imam Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya raba hukunci gida uku: na hankali, na shari'a, da na al'ada. Wuta da ƙuna, abinci da ƙoshi, a wurinsa haɗi ne na al'ada: Allah ne ke halittar sakamakon, amma Ya tsara ya zo tare da sababinsa. Man birki da ya sha ruwa yana cikin wannan sahu. Sabon man birki na DOT 3 ba ya tafasa sai wajen digiri 205, wanda ya jiƙe kuwa tun daga wajen 140, kuma haka zai yi a hannun salihi da fasiƙi. Wanda ya yi watsi da wannan bai fi kowa tawakkali ba, ya dai ƙi karanta tsarin da aka shimfiɗa masa. Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annoba, da aka ce masa yana gudun ƙaddara ya nuna cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take. Labarin yana cikin Muwaɗɗa.

Fiƙihu ya fi tauhidi tsanani a kan mai sana'a. Risalar Ibn Abi Zaid, da kusan kowane almajirin ilimi ya bi ta kanta, ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar musu suka yi aiki a bayan idon mai shi. Abu Dawud kuma ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba. Ba sai an yi dogon ƙiyasi ba kafin a ga inda bakaniken da bai taɓa jin labarin rabon matsi ba, amma ya ce "Alhaji kawo kawai, ƙaramin aiki ne", ya faɗa.

Sai dai adalci bai yarda a jibge masa kayan shi kaɗai ba. Akwai mai motar da aka ce masa sai an sauya masta, ya ce "Malam, lallaɓa min haka nan, kasuwa ta yi nisa." Akwai wanda ya ga motar tana ja gefe, ya wanke ta ya sayar bai faɗa ba, alhali mazhabar Malikiyya ta ba mai saye damar mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye. A nan wanda ya sani ya yi shiru ya fi wanda ya jahilta nauyi.

Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne kalmar ƙaddara tana da masu ita. Uwar da aka kai ɗanta Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu bai dawo ba, ita ke da haƙƙin faɗinta, domin da ita za ta iya barci. Bakanike da mai mota su ma za su faɗa, amma bayan sun amsa wasu tambayoyi: an gwada motar babu kaya a kan tsakuwa, an ga gaba ne ke fara kamawa? An taɓa ƙafafun baya bayan ɗan zagaye an ji ko sun ɗau zafi? An tsayar da ita a gangare da birkin hannu kaɗai? Duka gwajin ba ya cin rabin yini, kuma hanyar tsakuwa da gangaren dutse ba abin nema ba ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram.