Wasiyya ga Ihwani a Kan Haƙƙin Yaro Mai Karatu

Da sunan Allah muke farawa, gare Shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijani, wanda ya yi wafati a Fas a shekarar 1815.

Bayan haka, ku sani ya ku ihwani, Allah ya datar da mu da ku, dalilin wannan takarda shi ne wani muridi daga cikinmu, mazaunin Nassarawa, ya zo mini bayan wazifa riƙe da hannun ɗansa mai shekara 9, ya ce: "Malam, a yi masa rubutu ya sha. Gyangyaɗi yake a kan allo, kullum ciwon kai, ga saurin fushi, ina tsoron ko sammu ne." Na ce: "Alhaji, lissafa mini yininsa tukuna." Ya ce ana tashinsa da asuba, ƙarfe 7 direba ya kai shi boko, ya taso ƙarfe 2, ƙarfe 4 sai Islamiyya, bayan magariba malami ya zo gida da Turanci da lissafi, bayan lisha ga aikin da aka ba shi daga makaranta, Asabar da Lahadi kuma hadda. Na ce: "Yaushe yake wasa?" Ya yi shiru. Na ce: "Yaushe rabonka da cin tuwo da shi a kwano ɗaya?" Sai ya sunkuyar da kai.

Fasali. Ya kai muridi, dubi wuridin da ke hannunka. Shehu bai ce ka yi ta ja har ka faɗi ba. Ya iyakance maka: istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa sau ɗaya a yini ta isar. Ya yalwata maka lokaci, wanda lazimin safe ya kuɓuce masa da hantsi saboda uzuri yana da sarari har faɗuwar rana, mara lafiya kuwa an ba shi zaɓi. To, kai baligi mai gemu an auna maka kaya gwargwadon wuyanka, ta yaya za ka ɗora wa yaro kayan da ba ma'auni? Wannan ba himma ba ce. Sau da yawa son zuciya ne ya yafa mayafin himma, domin a ce ɗan wane ya sauke yana ƙarami, ko ɗan wane ya zo na ɗaya.

Ku tuna, a nan Nassarawa Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa yana nan har yau. Tun daga nan karatu ya zama biyu a ƙasarmu, kuma ba mu aibanta ko ɗaya ba. Amma iyayenmu na makarantar allo suna ajiye allo Alhamis da Juma'a, boko kuwa tana hutu Asabar da Lahadi. Da muka gama su a kan yaro guda, sai kowace ta cinye hutun 'yar'uwarta, ya wayi gari ba shi da rana ko ɗaya cikin bakwai. Ko jakin kaya ana sauke masa mangala.

Ya inganta cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ga igiya an ɗaura a masallaci, ta Nana Zainabu ce, tana riƙe ta idan tsayuwar dare ta gajiyar da ita, sai ya yi umarni a kwance. Kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri, domin tausayin uwarsa. Likitocin zamani kuma sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwanta ƙarfe 11 ya tashi ƙarfe 5, lissafa da kanka. Zuciyar da ba ta yi barci ba ba ta riƙe hadda.

Tanbihi. Wanda ya fito daga ofis ko kasuwar Kwari ya zarce zawiya, ya dawo 'ya'yansa sun yi barci, ya sani iyalinsa amana ne da za a tambaye shi. Kada kuma ya shigo gida da ɓacin ran kuɗin makaranta ya juye shi a kan uwar yara, ita kuma ta juye a kan yaro, yaro bai da wanda zai juye wa sai jikinsa.

Abin da na ce wa mutumin nan shi ne: sallami malamin dare, bar wa yaron yini guda a mako ba allo ba littafi, ya kwanta da zarar an yi lisha, a ɗauke masa waya, kai ma ka ajiye taka. Ka zauna da shi tsakanin magariba da lisha ko da kwana uku a mako, ka saurare shi ba tare da tambayar maki ba. Idan ciwon kan bai bari ba, kai shi asibiti. Rubutun ma na yi masa, amma na ce kada a ba shi sai ya yi barci ya tashi.

Tammat bi hamdillahi.