Fuskar Wa Ake Haskawa a Bango?

Majigi ya girmi Najeriya mai 'yanci. A 1939 Turawan mulki suka kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da suke mallaka, ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in lafiya da ya yi aiki a Legas. Mota ce ke zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada bayan isha'i, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani. Tsafta, noma, biyan haraji, zuwa asibiti. Yawancin finafinan tsarinsu ɗaya ne: ga mai wayo da ya bi shawarar hukuma ya ci riba, ga wawa da ya ƙi ya sha wuya. Dattawa har yau suna tuna Baban Larai. Akwai raini a cikin wannan tsari, domin an ɗauki mai kallo yaro ne da ake koya wa wanke hannu. Amma wawan cikin fim ɗan wasa ne. In an naɗe ƙyalle ya koma gidansa da mutuncinsa.

Majigin yau ya bar wasan kwaikwayo, ya koma fim ɗin gaskiya. Mai shan ƙwayar da ke magana a bango da gaske yana sha, matar da ke kuka da gaske ɗanta ya mutu. Kuma abin yana aiki. Bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin shan inna a Kano a 2003, ɗaya daga cikin dabarun da aka gwada ita ce majigi. A 2008 an zagaya garuruwan Gezawa, nan kan hanyarmu ta zuwa Kano, ana haska yaran da cutar ta nakasa, sannan a buɗe fili a yi tambayoyi. Masu binciken da suka bibiyi aikin sun ga karɓar rigakafin ta ƙaru sosai. Uban da ya kori ma'aikaciyar lafiya sau uku, da ya ga yaro yana jan gindi a ƙasa, jikinsa ya yi sanyi. Gani ya kori ji.

Tambayata ita ce: wa ya biya kuɗin wannan darasi? Masu kallo sun amfana, ƙungiyar da ta shirya ta rubuta rahoto. Wanda aka haska shi ne ya ba da abin da ba ya dawowa.

A babban birni mutum kan ɓace cikin jama'a. A ƙasar Gumel ba a ɓacewa. A ce an yi fim kan yoyon fitsari, an yi hira da wata mata daga wani ƙauyen Sule Tankarkar wadda aka yi wa aiki a asibitin Jahun. Masu fim sun yi abin da aka koya musu: sun dusashe fuskarta, sun sauya sunanta. To muryarta fa? Zanen da ta ɗaura, darbejiyar da ke bayan dangarsu, yadda take karkatar da kai in za ta yi magana? Mu masu rubuta manhaja mun daɗe da sanin cewa goge suna daga rumbun bayanai ba ya ɓoye mutum. Shekarunsa da garinsu da sana'arsa in suka haɗu, sun isa su nuna shi. A ƙauye ma ba a buƙatar kwamfuta. Yarinya 'yar shekara tara za ta nuna bango ta ce, "Ai Innar su wance ce."

Za a ce ai ta yarda, ga takarda ta dangwala. Na ga irin waɗannan takardu, kuma ina shakkar abin da suke tabbatarwa. Baƙi sun zo da mota, mai unguwa ne ya rako su, maigida ya riga ya ce babu komai. A wane baki za ta ce a'a? Kunyar da muke yabo ita ce ke sa "to" ɗinmu ya yi arha. Ko da ta yarda da zuciya ɗaya, abin da ta hango shi ne dare guda a dandali. Majigin Turawa in ya tashi ya tafi da fim ɗinsa a gwangwani. Na yanzu kuwa, kafin a kashe janareto samari goma sun ɗauka da waya. Ranar Alhamis ya shiga kasuwar Maigatari, ya bi Xender daga hannu zuwa hannu, kafin magariba ya ƙetare iyaka zuwa Nijar. Wani ya yanke daƙiƙa talatin, ya ɗora kiɗa, ya sa a TikTok. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum damar janye yardarsa. Ƙungiya tana iya gogewa daga na'urarta, amma babu wata manhaja da za ta shiga wayoyi dubu ta kwaso abin da ya riga ya bazu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a bar majigi. Rufin asiri abu ne mai daraja, amma mun sha fakewa da shi mu bar ɓarna ta ci gaba. Matan da ke fama da yoyon fitsari sun shekara da shekaru a ɗakin baya saboda ba a son a yi maganar, alhali aiki ne da likita ke yi a warke. Shirun ma akwai wanda ke biyan kuɗinsa, kuma sau da yawa ita ɗin ce dai.

Abin da ya fi damuna shi ne asirin wa ake tonawa. Almajiri, mai talla, ɗan ƙwaya, bazawara, manomin da bai kai 'yarsa makaranta ba. Duk mutanen da ba su da lauya. Ku tuna takaddamar filin rake a Gagarawa, inda aka ware wa kamfanin Lee Group kimanin hekta 12,000, manoma suka yi ta kukan gonakin gado da batun diyya. Wannan ma matsalar al'umma ce, har ta fi wasu girma. A ce wani saurayi ya ɗauki kyamara ya tattara bakin kowane ɓangare, a ƙofar wa zai kafa ƙyallensa? Izinin taron dare yana bi ta hannun hakimi da ƙaramar hukuma da 'yan sanda, kuɗin mai kuma daga mai ba da tallafi yake fitowa. Shi ya sa kyamarar ta saba kallon ƙasa. In fim kullum talaka yake nuna wa laifinsa, to mai wayo da wawan Sellers ne suka dawo, sai dai yanzu wawan maƙwabcinka ne, da sunansa da gidansa.

Ina ganin mafi ƙarancin adalci shi ne wanda ke cikin fim ya zama farkon mai kallonsa, shi kaɗai, babu mai unguwa a wurin, kuma in ya ce a cire, a cire ko da nan ne fim ɗin ya fi daɗi. A gaya masa ƙarara, da Hausa, cewa abin zai shiga waya kuma ba zai fita ba. Inda haɗarin ya yi yawa, a koma wa ɗan wasa ya faɗi maganar. Gaskiyar labarin ba ta raguwa don wani baki ya ɗauke ta.

Saura batun lasifika. Masu shirya majigi suna alfahari da tattaunawar da ake yi bayan fim, kuma nan ne amfanin yake. Amma ku duba waɗanda ke dandali bayan isha'i: maza, samari, yara, da 'yan tsofaffi a gefe. Matan aure da yawa suna cikin gida. Sai a haska mace tana ba da labarin haihuwar da ta kusa kashe ta, liman ya yi magana, dagaci ya yi, malamin asibiti ya yi, ita kuwa tana tsakar gida, taku ɗari biyu daga wurin, tana jiyo muryarta a iska. Abin da aka yanke a kanta, sai da safe yara za su kawo mata.