Baƙo Mai Biya: Wa Ke Ɗaukar Hasara?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, garinmu Gure yana bisa babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Difa, saboda haka ba ya rabuwa da baƙi: fataken dabbobi, masu kanwa da dabino, direbobi da ma'aikata. Da yawa cikinmu sun ware ɗaki ko shago suna saukar da su kwana biyu ko mako guda a kan kuɗi. Wannan halal ne. Amma in gobara ta tashi daga murhun baƙo, ko ɓarawo ya kwashe masa kaya, wa Shari'a ta ɗora wa biya? Mafi yawanmu ba ma tambaya sai bayan abin ya auku, lokacin da zukata sun riga sun ɓaci.

Annabi (SAW) ya sanya liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne. Wannan baƙon karamci ke nan. Da zarar an yanka kuɗi, to an shiga babin haya, kuma haya tana da hukunce-hukuncenta. Kunya ce ke sa mu karɓi kuɗin haya amma mu ƙi faɗin sharaɗinta, wai kada a ce mun yi wa baƙo rowa. Ƙarshenta sai a tafi gaban mai unguwa ko alƙali, a rasa kuɗin, a rasa zumuncin.

A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa cikin Risala da Muhtasar, mai haya amintacce ne. Ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. In ruwan damina ya rushe ɗakin, hasarar mai gida ce. In kuwa baƙo ya bar gawayi na ci ya fita, ko ya hura wuta a tsakar gida ranar iska har ta kama danni da rumbun maƙwabci, to biya ya hau kansa. Haka nan kayan baƙo: in ya damƙa su ga mai masauki sun zama ajiya, kuma mai ajiya ba ya biya sai ya yi sakaci, kamar ya bar ƙofar a buɗe. Mai gidan da ya san kubar ɗakin ta lalace ya ɓoye, ya yi algus, ba shi da hujja gaban Allah.

To, ga inda giɓin yake. Akwai hasarar da ba laifin kowa, akwai kuma wadda mai laifin ba shi da abin biya, ko ya hau mota ya tafi. Wannan giɓi ne inshora ke cewa za ta cike. Amma mu dubi abin da ya sami masu gidaje a Amurka da Turai. Tun da aka kafa kamfanin Airbnb a 2008, mutane suka shiga saukar da baƙi a gidajensu don kuɗi. Da ɓarna ta auku, wasu suka tarar inshorarsu ta gidan zama ce, ba ta ɗaukar abin da ya faru ta hanyar kasuwanci. A 2011, bayan an yi wa wata mata kaca-kaca da gida, kamfanin ya tilastu ya fito da nasa lamunin. Saboda haka duk wanda ke da takardar inshora a cikinmu, ya sa a karanta masa ita, ya kuma gaya wa kamfanin gaskiyar cewa yana saukar da baƙi. Ɓoyewa ha'inci ne, kuma ranar biya ita ce za ta kā da shi.

Game da hukuncinta, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta hana inshorar kasuwanci saboda garari mai yawa da ke cikinta, ta halatta ta taimakon juna, wato takaful, wadda ake zuba kuɗinta da niyyar kyauta. Tun 1979 aka kafa kamfanin farko irin wannan a Sudan. Asalin abin kuwa yana cikin Sunna, domin Annabi (SAW) ya yabi Ash'arawa saboda in guzurinsu ya ƙaranta sukan tara shi wuri ɗaya su raba daidai.

Don haka muna kira ga masu masauki da abu uku. Na farko, a faɗi kuɗi da kwanaki da inda aka yarda a hura wuta tun kafin baƙo ya sauke kaya. Na biyu, a ƙirga ajiya a rubuta gaban shaidu biyu. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani ta sauka ne a kan rubuta bashi, to rubutu ba rashin yarda ba ne. Na uku, masu masaukin unguwa ɗaya su kafa asusu, kowa ya riƙa zuba abin da aka amince duk wata, a hannun amintattu biyu, don wanda gobara ko sata ta faɗa wa. Kada a ce wannan ya saɓa wa tawakkali, domin an umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da baƙinmu, Ya raba mu da cin haƙƙin juna. Allah ne Mafi sani.