Tanadin Antakiya: Aikin Ikkilisiya Kafin Ruwa da Bayan Ruwa

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:27-30, Markus 2:1-5, Ayyukan Manzanni 6:1-6.

Ga mai koyarwa: A sa mutum uku su karanta wuraren nan da murya. Kada a yi gaggawa, gama akwai waɗanda ba su iya karatu ba, da kunne za su ɗauka.

Sa'ad da Barnaba da Shawulu su ke koyarwa a Antakiya, waɗansu annabawa suka zo daga Urushalima. Ɗayansu, Agabas, ya faɗa ta wurin Ruhu babbar yunwa tana zuwa. Luka ya ce an yi ta a zamanin Kalaudiyas, wanda ya yi sarautar Rum daga shekara ta 41 zuwa ta 54. Yusufus, marubucin tarihin Yahudawa, ya ba da labarin yunwa a Yahudiya a zamanin nan, har ya ce wata sarauniya, Helena, ta aika aka sayo hatsi daga Iskandariya da busasshen ɓaure daga Kubrus saboda mutanen Urushalima. Antakiya kuwa tana nan har yau cikin ƙasar Turkiyya. Ita ce girgizar ƙasa ta rushe yawancinta ran 6 ga Fabrairu, 2023, a idon mutanen zamaninmu.

'Yan'uwa, ku lura da abin da almajiran suka yi. Ba su tsaya gardama a kan ranar da yunwar za ta faɗo ba. Da jin maganar, kowa ya ƙudura abin da zai bayar gwargwadon ƙarfinsa, aka danƙa wa mutum biyu amintattu, suka kai wa dattawan Yahudiya. Annabcin kuwa bai ware Antakiya ba, gama yunwar ta dukan ƙasashe ce aka faɗa. Watau mutanen nan sun buɗe rumbunsu alhali su ma suna bakin wahalar. Sun duba, sun ga waɗanda za ta fi kayarwa, suka fara da su.

Mu da mu ke zaune a bakin Binuwai da Kwara ba mu rasa gargaɗi ba. Kowace shekara hukumomin lura da yanayi da na koguna su kan faɗi jihohin da ruwa zai yi wa barazana, a kan kuma ji a rediyo. A ƙasar Kamaru, kusa da Garwa, akwai madatsar Lagdo a kan Binuwai. In ta cika a kan saki ruwanta, ya gamu da na damina, ya bi ta Yola da Numan da Ibi da Makurɗi har Lokoja. A 2012 hukuma ta ƙidaya mutum 363 da suka mutu a ambaliya a Nijeriya, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu, har hanyar Lokoja zuwa Abuja ta yanke. A 2022 waɗanda suka mutu sun wuce 600. Ban ce jami'in gwamnati annabi ba ne. Amma Allah da ya ba Yusufu hikimar tara hatsi a Masar, shi ne ya ba mutane sanin awon ruwa. Wanda ya ji gargaɗi ya naɗe hannu, ya ce bangaskiya ce, ya yi ƙarya. Ragonci ne ya sa masa rigar ibada.

To, gargaɗi na mai ƙafa ne. Saurayi ya ji, ya ɗora katifa a babur, ya nufi tudu. Amma ina tsohuwar da 'ya'yanta duka su ke birni? Kurma bai ji shela ba. Makaho ya san hanyar majami'a da sandansa, amma ran da ruwa ya rufe hanyar, sanda ba shi da abin faɗa masa. Ga mai ciki wata tara, ga gwauruwa da yara huɗu da akuya biyu, waɗanda su ne dukan dukiyarta, ba za ta yarda ta bar su ba. Irin waɗannan ruwa ya kan tarar a ɗaka.

Nan ne labarin shanyayyen Kafarnahum ya shafe mu. Mu kan yi wa'azi a kan rufin da aka buɗe, mu manta da farkon aikin. Mutum huɗun nan sun san inda majinyacin ya ke kwance. Sun san nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka suka zo su huɗu. Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, bangaskiyar kuwa a kafaɗunsu ta bayyana.

Gwamnati ta san yawan mutanen ƙaramar hukuma, amma ba ta san ɗakin da gurgu ya ke kwana ba. Ikkilisiya ta sani, ko kuwa ya kamata ta sani. Wasiƙar fari zuwa ga Timoti, sura 5, ta nuna ikkilisiyar farko tana rubuta sunayen gwauraye. Me zai hana mu? Tun watan Mayu, kafin ruwa ya yi ƙarfi, dattawa da Zumuntar Mata su zauna su rubuta sunan kowane mutum da ba zai iya gudu da kansa ba, gida gida. A gaban kowane suna a rubuta matasa biyu ko huɗu da za su ɗauke shi, su kuwa su je su gaishe shi tun yanzu, domin tsoho ba ya bin baƙo da tsakar dare. A san wa ke da kwalekwale, wa ke da amalanke. A shirya da wata ikkilisiya ta kan tudu wadda za ta buɗe ƙofa. A ware wani abu daga baikon kaka, buhu biyu ko uku, kada a taɓa shi don gini ko don saukar baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar nan kuma kada ta tsaya ga masu zuwa sujada. In tsohon da ke maƙwabtaka da majami'a Musulmi ne, ko mai bin al'adar kakanni, sunansa ya shiga. Galatiyawa 6:10 ta sa mu kula da iyalin bangaskiya musamman, amma da dukan mutane ta fara. Babu laifi dattawa su je wurin liman da mai unguwa a haɗa takardar tare.

Yanzu ruwa ya janye. Makon fari akwai motoci, da manyan baƙi, da masu ɗaukar hoto. Bayan wata biyu ba kowa, a lokacin kuwa wahalar ta ke nuna fuskarta. Rijiyoyi sun gauraya da ƙazantar salga, amai da gudawa ya kama yara, sauro ya yi yawa. A tafasa ruwan sha. Kowace mace a zumunta ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba mai gudawa har a kai shi asibiti. Shinkafa da masara da doya kuwa sun ruɓe a gona, don haka yunwar gaske sai bazara, ran da manomi ya dafa irin da zai shuka. A ganina, mudu goma na iri a watan Afrilu ya fi bargo goma a watan Oktoba.

Akwai kuma haɗari a wurin rabo. A Urushalima kanta, cikin ikkilisiyar manzanni, aka yi gunaguni domin ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci a rabon yau da kullum. Ba a ce an yi da mugunta ba. Baƙin harshe ne, masu rabo ba su san su ba. Haka ya ke a wurinmu: mai ƙarfi ya kutsa gaban layi, ɗan'uwan dattijo ya karɓa sau biyu, 'yar wata kabila da ba ta jin Hausa sosai ta koma da kwano wofi, kunya ta hana ta magana. Manzanni ba su tsawata wa masu kuka ba. Suka sa jama'a ta zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, na ƙarshensu ma, Nikolas, mutumin Antakiya ne. Watau sun sa mudu a hannun ɓangaren da aka manta. Mu ma mu sa gwauruwa da gurgu cikin masu rabo, a auna a fili, a karanta lissafi ran Lahadi, a kai wa marasa ƙarfi nasu har gida.

Sa'ad da ku ke kai ziyara, ku tsare bakinku. Kada wani ya ce wa wadda ruwa ya ci ɗanta zunubi ne ya jawo. Ubangiji ya riga ya hana wannan zance a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4). Ku zauna da ita, ku taya ta kwashe laka, ku komo mako mai zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa: Su wane ne a unguwarmu ba za su iya kai tudu da kansu ba? A faɗi sunayensu, magatakarda ya rubuta. A rabon da muka yi na ƙarshe, wa aka tsallake, me kuwa ya sa ba mu ji kukansa ba? Wace ikkilisiya ce za ta karɓe mu, wa zai je ya yi magana da dattawanta kafin Lahadi mai zuwa?

Ayar haddacewa: Ayyukan Manzanni 11:29. A rufe da addu'a, ana ambaton sunayen da aka rubuta ɗaya ɗaya.